Ƙurar Chadi, allurar Indiya, yaran Mashi: yadda binciken ƙasa da ƙasa kan muhalli da lafiya ke shigowa gidajenmu

Cuta a ƙasar Katsina tana da lokacinta, kuma kowane malamin asibiti ya san haka ko da bai taɓa rubuta shi ba. Hunturu na kankama, hazo ya rufe gari, sai tari da mura da ciwon huhu su cika bencin asibiti. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da iska ta bushe ƙayau, leɓe na tsagewa, yara na haɓo, sanƙarau da ƙyanda ke yawo. Ruwa na sauka gudawa ta taso, wata shekarar har da kwalara. Agusta zuwa Oktoba kuwa na zazzaɓin cizon sauro ne, kuma daidai lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, tamowa ta kama ƙananan yara. Iska da ruwa da zafi su ke juya wannan tsari gaba ɗayansa. To idan su ɗin suka sauya hali fa? Damina ta riƙa makara ko ta zo da ƙarfin da ba a saba gani ba, bazara ta ƙara zafi, daji ya koma gona, gona ta koma unguwa. Ina cututtukan za su dosa?

Wannan tambayar ce ta tara masana yanayi da likitoci da masana ƙasa da masu lissafi daga ƙasashe daban-daban a kan aiki ɗaya, kuma dole ce ta tara su. Kaso mai yawa na ƙurar da muke shaƙa a Janairu daga Bodele take tasowa, wani busasshen kwari a arewacin Chadi wanda a zamanin da ƙasan tafki ne, kuma babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Ruwan da manomin Kaita ke jira yana da nasaba da ɗumin tekun Atlantika da tekun Indiya. Ƙwayar cuta kuwa babu jami'in da zai tsayar da ita a shingen Jibiya ko na Kwangwalam. Wannan ƙasa tana da tauraron ɗan'adam, waccan tana da majinyata da rajistarsu, wata tana da masana'antar magani, wata kuɗi. Babu wadda za ta iya haɗa labarin ita kaɗai.

A 1988 aka kafa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC. Da farko maganar ƙanƙara da teku da hayaƙin masana'antu ce ta mamaye, lafiyar mutum tana gefe. Wani likita masanin annoba ɗan Ostareliya, Tony McMichael, yana cikin waɗanda suka dage cewa duk wannan lissafi a jikin mutum yake sauka. A 2001 manyan shirye-shiryen binciken muhalli guda huɗu na duniya suka shiga inuwa ɗaya, sannan a 2006 a birnin Beijing suka ƙaddamar da shiri na musamman kan sauyin muhallin duniya da lafiyar ɗan'adam, McMichael da Ulisses Confalonieri na Brazil ke jagorantarsa. Daga baya yawancin aikin ya koma ƙarƙashin Future Earth, sabuwar inuwar binciken muhalli ta duniya. A 2009 mujallar likitanci ta Lancet da jami'ar UCL ta Landan suka fitar da rahoton da ya kira sauyin yanayi barazana mafi girma ga lafiyar duniya a wannan ƙarni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 za a riƙa samun ƙarin mace-mace kimanin 250,000 duk shekara ta hanyar tamowa da maleriya da gudawa da zafi kaɗai. Duk da haka sai a 2023, a taron yanayi na Dubai, aka fara ware wa lafiya yini guda.

Mai karatu na da gaskiya idan ya ce ina ruwan biri da gada, waɗannan ai tarurrukan manya ne a birane masu nisa. Sanƙarau ne zai ba shi amsa.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar wuraren da annobar sanƙarau ke yawan ɓarkewa a Afirka. Abin da ya fito wani zirin ƙasa ne kudu da Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Sanagal har Habasha, kuma Katsina da Daura na tsakiyarsa. Ke nan tun farko da ma'aunin ruwan sama aka shata iyakar cutar. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da abokan aikinsa suka bi diddigin lamarin. Sun lura ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, rani da damina, tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ta kwantar da su ba. Bayanin da suka kawo, wanda har yau shi aka fi karɓa, shi ne jikin mai ɗauke da ita ne ke sauyawa da rani. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙeƙasar da fatar cikin hanci da maƙogwaro, su raunana ta, ƙwayar ta samu kafar shiga jini, daga nan ta haye zuwa rigar ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa da zarar iskar damina ta fara kaɗawa, tun ruwa bai zauna ba, sai annobar ta lafa.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yanayi ta duniya da wata cibiya ta Jami'ar Columbia a Amurka, tare da wasu cibiyoyi, suka kafa haɗin gwiwar MERIT domin mayar da wannan sani abin aiki. Wata cibiya a Basalona tana hasashen inda ƙura za ta bi. Cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, da ke Yamai tana fitar da sanarwar wuraren da yanayi ya gyara wa cutar zama, haka ma tamu hukumar hasashen yanayi, NiMet. Binciken da aka yi a arewacin Gana ya nuna haɗarin na raguwa sosai idan laimar iska ta haura kashi 40 cikin ɗari. Amfanin wannan a bayyane yake. Idan allurar da ke hannu ba za ta isa kowa ba, ga gunduma biyu duk cuta ta ɓulla, ɗaya laima za ta iso mata nan da mako biyu, ɗaya kuma da sauran wata guda na bushewa, to an san inda za a fara tura mota. Sai dai kada a ɗora wa hasashe abin da ba zai iya ba. Yanayi na faɗa maka lokacin da ƙofar gida ke buɗe, ba ya faɗa maka ko ɓarawon na kusa. Cunkoson ɗaki, da raguwar garkuwar jama'a, da shigowar sabon nau'in ƙwayar, duk suna da hannu.

Akwai abin lura a nan da zan dawo kansa. Yawancin binciken ƙura da sanƙarau da bayanan Nijar aka yi shi, saboda Nijar ta adana adadin masu cutar mako-mako, gunduma-gunduma, tun daga 1986. Wanda ya ajiye rajista shi aka bincika.

Annobar 1996 ita ce ta girgiza kowa. A faɗin yankin mutum fiye da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai masu cutar sun haura 100,000, mamata sun haura 11,000, akasari a Arewa. Daga wannan masifa aka samu abubuwa biyu, ɗaya na alheri, ɗaya na kunya, kuma duka biyun sunansu haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa.

Na alherin shi ne shirin samar da allurar sanƙarau da aka kafa a 2001 tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar kiwon lafiya mai zaman kanta ta PATH, da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Abin da ya bambanta shi, tun kafin a shiga ɗakin gwaji aka tambayi jami'an lafiyar Afirka nawa za su iya biya, suka ce kada kowace allura ta wuce rabin dala. A kan wannan farashi aka gina komai. Fasahar haɗawa ta fito daga wani ɗakin gwaji na gwamnatin Amurka, wani sinadarin daga Holan, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa, aka gwada a Indiya da Mali da Gambiya da Sanagal da Gana. A Disamba 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Shekara guda bayan haka ta iso Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin farko, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. An kuma amince za ta iya kwana huɗu a wajen firji a zafin da bai wuce digiri 40 ba, abin da duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara a kan babur zuwa ƙauyukan Zango ya san darajarsa. Nau'in A na ƙwayar sanƙarau, wanda allurar ke karewa kuma shi ke haddasa yawancin manyan annobobi, ya kusa ɓacewa.

Amma cutar ba ta ƙare ba. A rani na 2016 zuwa 2017 nau'in C ya ɓarke, mutum fiye da 14,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato da Katsina na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Aka sake komawa bincike. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, bayan an gwada ta a Mali da Gambiya.

Na kunyar kuwa a Kano ya faru, cikin annobar 1996 ɗin nan. Kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, kuma yaran da suka shanye sanadiyyar wannan dakatarwa ba su san komai a kai ba. Duk mai shigowa ƙauyenmu da takardar tambayoyi da kwalbar ɗibar jini ya sani cewa wannan bashin yana nan. Ba a biyansa da gaisuwar hakimi kaɗai. Sai an yi wa uwa bayani da Hausar da take ji, an ba ta damar cewa a'a, sannan an dawo an gaya wa gari abin da aka gano.

Wanda ke son ganin sakamakon irin wannan bincike da idonsa, ya leƙa kowace unguwa a Mashi ko Baure daga watan Yuli. Zai ga mata biyu-biyu da jaka da kati suna sallama gida-gida. A tsakar gida za a narkar da ƙwaya a cokali da ɗan ruwa, uwa ta rungume yaro a cinya a ɗura masa a gaban mai rabawa, a ɗan jira a ga ko zai amayar. Sai a bar wa uwar ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi, a cike kati, a yi alama da alli a jikin bango, a wuce gida na gaba. Bayan kwana 28 su dawo. Yaron nan lafiyarsa lau aka ba shi maganin, domin ya riga zazzaɓin cizon sauro shiga jini.

Wannan dabara daga lissafin damina ta fito. Masana a Dakar da Bamako da Wagadugu da Gambiya, tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, inda Greenwood ɗin nan na Zariya ya koma, suka yi shekaru suna gwaji. Suka gano idan aka riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 haɗin magani biyu sau ɗaya a wata a tsawon damina, ana kauce wa kusan kashi 75 cikin ɗari na zazzaɓin. A Maris 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Amma dabarar ba ta aiki a ko'ina, sai inda cutar ke taruwa a 'yan watanni. Domin gano waɗannan wurare aka koma ga bayanan ruwan sama, aka ware yankunan da kashi 60 cikin ɗari na ruwan shekara ke zuba cikin wata uku a jere. Ƙasarmu ta faɗa ciki sosai. Daga 2013 ƙungiyar Malaria Consortium da gwamnatin jiha suka fara gwada shirin a Baure da Mashi da Dutsi da Mai'aduwa. A 2023 yara fiye da miliyan 50 suka sha wannan magani a Afirka, sama da rabinsu a Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya.

To ga inda gizo ke saƙar. An ɗaure shirin ne da lokacin ruwa. Idan damina ta ja har ƙarshen Oktoba, an gama rabon magani sauro na nan. Funtuwa ta fi Daura ruwa nesa ba kusa ba, don haka babu dalilin da zai sa lissafinsu ya zo ɗaya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa ƙasashe su tsara yawan zagaye da shekarun yara daidai da yanayinsu, wanda ke nufin sai kana da alƙaluman yankinka za ka mori sassaucin. Sannan ba sama kaɗai ke sauyawa ba, ƙasa ma muna sauya ta. Noman rani a gefen madatsun Jibiya da Zobe da Sabke alheri ne, amma yana ajiye ruwa kwance a watannin da a da babu shi. Ga kuma wani baƙon sauro ɗan asalin kudancin Asiya da yankin Larabawa, Anopheles stephensi, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka gan shi a jihar Gombe a 2020. Shi ba ya jiran kududdufin damina. A tankin ruwa da duro da rijiyar magina yake ƙyanƙyasa, kuma birni ya fi so. A gari irin Katsina, inda kusan kowane gida ke tara ruwan 'yan garuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Madatsar ruwa tana da wata rigimar, tsargiya. Tun shekarun 1970 masu binciken Malumfashi, haɗin gwiwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful da jami'ar Zariya, suka nazarci fitsarin jini a wannan yanki har da kewayen ƙaramin dam ɗin Ruwan Sanyi. A Sanagal kuwa, da aka gama madatsar Diama a 1986, ta tare hanyar wani jatan lande da ke cin katantanwar da tsutsar cutar ke rayuwa a cikinta. Katantanwa ta yi yawa, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Richard-Toll. Injiniya ya yi aikinsa daidai, likita ne ba a tambaya ba.

Wani wurin da binciken ƙasa da ƙasa ya yi mana rana shi ne batun fari. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani masani a Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani a 1975 cewa kiwo ya cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, hakan ya rage hadari. Nan da nan magana ta zauna cewa talakan Sahel da akuyarsa da gatarinsa ne ya kori ruwa, kuma aka yi shekaru ana tsara manufofi a kan haka. Sai a 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna alaƙar farin da ɗumin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin ɗumin teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan abin da ya faru. Binciken da ya biyo baya ya ɗora wani kaso a kan hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atlantika ya tura hadari kudu. Wannan bai wanke mai sare itace ba, domin gona tsirara ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Amma ya sauke wa kakanninmu laifin da ba nasu ba ne.

Ruwa ya dawo tun shekarun 1990, sai dai da wata fuska. Wani bincike da aka buga a 2017, da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna manyan guguwowin ruwa na Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwan da ya kamata ya rabu cikin makonni sai ya zuba a dare ɗaya. Mutanen Jibiya sun gani a Yulin 2018, da ambaliya ta ci fiye da mutum 40. Kuma ambaliya ba ta ƙarewa da janyewar ruwa, domin masai ya riga ya haɗu da rijiya. Kwalarar 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, akasari a Arewa. Da ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution, da 'yan Najeriya a ciki, ta lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin tafkin Chadi kusan sau 80. A lokaci guda suka so su yi irin wannan lissafi kan rikicewar daminar 2021 da ta jawo yunwa a tsakiyar Sahel, suka kasa yanke hukunci saboda ƙarancin tashoshin auna yanayi. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin Afirka kashi ɗaya cikin takwas ne na mafi ƙarancin abin da ake buƙata.

Wannan giɓi ya fi muni a batun zafi, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ne. Masana suka ce ba don ɗumamar duniya ba da zafin bai kai haka ba. An samu wannan hujja ne saboda wani asibiti ya ƙirga, kuma yana da na bara da zai kwatanta. Mu ma mun yi wannan azumin cikin zafi mai tsanani da ɗaukewar wuta. Amma a wurinmu tsoho kan rasu da hantsi, a yi masa sutura kafin azahar kamar yadda addini ya koyar, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 10 cikin ɗari kawai na mace-mace ake wa rajista a yankin Afirka. Zafi kuwa ba ya kisa da sunansa. Ta zuciya yake bi, ta ƙoda, ta hawan jini. A Gambiya an bi mata 92 masu juna biyu zuwa gona da na'urar aunawa, aka ga duk ƙarin digiri ɗaya na tsananin zafi yana ƙara alamun wahalar ɗan tayi da kashi 17 cikin ɗari. Matanmu ma na aiki a rana, suna girki a kan murhu, suna kwana a ɗakin kwano.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke wa kowa matsayinsa. Rahoton IPCC na 2022 ya kawo cewa daga 1990 zuwa 2019, kashi 3.8 cikin ɗari kacal na kuɗin binciken yanayi na duniya aka kashe a kan Afirka. Cikin wannan ɗan abin, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka, kashi 14.5 ya iso cibiyoyin Afirka. Nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba ke nan. Mai kuɗi shi ke zaɓar tambaya, shi ke riƙe bayanan, sunansa ke zuwa farko a takarda. Namu malamin sau da yawa aikinsa ya nemo izini, ya tara masu tambayoyi, ya tura samfur. Aikin Garki da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi kan maleriya daga 1969 zuwa 1976, a nan maƙwabtanmu cikin Jigawa ta yanzu, har gobe masu lissafin yaɗuwar cuta a jami'o'in duniya na amfani da alƙalumansa. Ya kamata ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya san su kamar yadda na Landan ya san su.

Kuma dogaro da aljihun wani yana da ranar ƙin dillanci. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID. Shafin shirin FEWS NET, wanda USAID ta kafa a 1985 domin gargaɗin yunwa tun kafin ta iso, ya yi watanni a rufe. An yanke kuɗin shirin binciken lafiyar iyali na gida-gida wanda daga gare shi muke samun yawancin alƙaluman mutuwar yara da tamowa. A cikin 2025 ɗin ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farko. Ba yanayi kaɗai ya jawo wannan ba. Tsadar abinci da 'yan bindigar da suka raba manoman Batsari da Safana da Faskari da gonakinsu suna kan gaba. Raba wane kaso na wane ne aiki ne na bincike, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ganina abin da zai ba mu bakin magana a wannan haɗin gwiwa yana hannunmu, kuma ba shi da tsadar da ake zato. Tauraron ɗan'adam ya fi ƙarfin jiha, amma ma'aunin ruwan sama a kowace sakandare bai fi ƙarfinta ba. Littafin mamata a hannun mai unguwa da limami, ana rubuta rana da shekaru da alamun ciwo, bai saɓa wa addini ko al'ada ba. Rajistar asibitin sha-ka-tafi da ake cikewa a gaggauce ƙarshen wata domin a tura sama, idan aka cike ta kullum da gaskiya aka ajiye ta shekara ashirin, dukiya ce da jami'o'in duniya za su zo nema, kuma a ranar mu za mu gindaya sharaɗi. A Nahuce ta jihar Zamfara an taɓa kafa irin wannan cibiya mai bin haihuwa da mutuwa gida-gida. Katsina na da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da jami'ar jiha, da ta tarayya a Dutsinma, da tashar NiMet. Abin da ya rage a zaunar da mai alƙaluman zafi da mai rajistar majinyata a teburi ɗaya, kuma jiha ta sa wa aikin layi a kasafinta.

Abokin haɗin gwiwa na farko ma ba sai an haye teku ba. A Madarunfa, ƙetaren Jibiya kaɗan, cibiyar binciken cututtuka ta Epicentre da ma'aikatar lafiyar Nijar suka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai dubbai, aka buga sakamakon a 2017, ya nuna kariyar kusan kashi 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani. A gonakin Maraɗi ne manoma suka raya sassaben zamani, suna barin kututturen gawo da kalgo su tofo, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Cibiyar AGRHYMET mai hasashen damina tana Yamai tun 1974. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe ta ɓangarenmu a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS, amma hazo ɗaya ke rufe Katsina da Maraɗi a rana ɗaya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba ta kai kilomita 100 daga Katsina ba, malamanta da namu Hausa suke ji, kuma rajistar sanƙarau ta mako-mako da suke da ita za ta haɗu da tamu ba tare da tafinta ba.